Akwatin da Baballe Ya Haɗa wa Talle

Baballe mai gyaran rediyo haifaffen unguwar Ebute Metta ne a Legas. Kakansa soja ne da ya zo Ikko zamanin Turawa, bai kuma koma Arewa ba. A reluwe Baballe ya koyi aikin waya, ya shekara goma sha ɗaya yana gyaran fitilun hanyar jirgi, sannan ya ajiye aikin ya buɗe ɗan shago a Agege, kusa da 'yan goro. Ba shi da yawan magana. In ka kawo masa rediyo, sai ya kara ta a kunne ya yi shiru, ya ji ciwonta kafin ya taɓa sukudireba.

A shekarar 1974, lokacin da kuɗin mai ya sa kowane otal a Legas ke neman makaɗa, wata rana da hantsi wani mutum ya sauko daga motar haya ta danfo yana dogara sanda, jita a rataye a bayansa. Sunansa Talle, mutumin Jos, shan inna ta shanye masa ƙafar hagu tun yana ƙarami. Ya zazzage jaka a kan tebur. Wasu 'yan akwatunan ƙarfe uku suka faɗo, wayoyi sun cukuikuye su.

"Malam Baballe, an ce in dai waya ce ba ta gagararka."

"An dai faɗa. Waɗannan fa na mene ne?"

Talle ya yi masa bayani. Takawa ake yi da ƙafa su sauya muryar jita: ɗaya ya sa ta gurnani, ɗaya ya sa ta amsa-kuwwa, na ukun kuma makaɗa na kiransa wawa, domin kukansa wa-wa yake cewa. A zaune yake kiɗa, ƙafa ɗaya gare shi mai aiki, kafin ta bar wannan ta kai ga wancan ta fizge waya, ko batir ya mutu ana tsakiyar waƙa.

"Ogan ƙungiyarmu ya ce in sauti ya sake yankewa, zai nemo mai ƙafa biyu," in ji shi, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

Baballe bai yi dariya ba. Ya jona komai a wata tsohuwar lasifika, ya ce, "Kaɗa in gani." Talle na kiɗa, 'yan goro sun taru a bakin ƙofa suna kallon yatsunsa, shi kuwa Baballe ya tsuguna yana kallon ƙafar. Da aka gama ya shimfiɗa kwali, ya zana tafin ƙafar da alli, ya auna iya inda take kaiwa ba tare da diddige ya ɗaga ba. Sai ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan kana murɗa shi?"

"Ban taɓa ba."

"Wannan fa?"

"Sau ɗaya, ban ji daɗinsa ba."

Cikin maɓallai tara, uku kawai Talle ke amfani da su.

Kwana tara Baballe ya yi a kan aikin. Ya farke akwatunan, ya kwashe kayan cikinsu ya zuba a akwatin katako guda, ya liƙe da dalma. Ya cire batura ya sa ƙaramar taransifoma ta tsohuwar rediyo. Gwajin farko bai yi ba, lasifika ta dinga ƙugi kamar an taɓo gidan zuma. Ya kwana biyu yana juya abin a ransa, sannan ya roƙi matarsa Zuliha ta tara masa gwangwanayen madara. Ya yanke su, ya daddale, ya shimfiɗe cikin akwatin da su. Ƙugi ya ɗauke. Waya ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita, wawa a tsakiya, makunni biyu a gefe daidai inda babban yatsa da ƙarami ke kaiwa.

Talle ya taka, ya sake takawa. Can ya ce, "Malam, ko wanda ya ƙera su bai yi tunanina haka ba."

"Ai bai ga ƙafarka ba," in ji Baballe.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa ya ji abin a dandamali, wani bikin rana a Sabo Yaba. Ya tsaya can bakin ƙofa da hularsa, ya saurari waƙa huɗu, sauti bai yanke ba. Da aka kira la'asar ya wuce masallaci.

Daga nan makaɗa suka san hanyar shagonsa, Yarbawa da Inyamurai har da mutanen Gana. Ya haɗa wa da yawa irin wannan akwati, bai taɓa rubuta sunansa a jikin ko ɗaya ba, bai kuma daina gyaran rediyon tsofaffin unguwa ba. Talle ya ci gaba da kiɗa da ƙungiyarsa shekara biyar, sannan ya koma Jos. Baballe kuwa ya riƙe shagon har idonsa ya raunana, ya bar wa 'yarsa Lami ta mai da shi wurin ɗinki.