Esansi a Rumbun Hatsi

Kuma abin da ya fi ƙona mani rai, wallahi gaskiya na faɗa! Na ce man nan zai ƙara tashi, ya tashi. Na ce zai ɓace, ya ɓace. Amma gaskiyar tawa ce ta cinye mana hatsin damina.

Bari in faro maku. Ƙauyenmu na gefen Atantane. Ina kabu-kabu da tsohuwar moto mai ƙafa biyu, ranar kasuwa in kai mutane Mayahi ko Kanambakashe, wata rana har Tasawa. Lakkol, karatun boko, ban yi nisa ba, amma radiyo da salula sun zama malamaina. Duk labarin da ya shafi mai sai na bi shi har gindi: inda ake haƙo shi, inda ake tacewa, wa ke yanka farashi. A fada har suna suka sa mani, wai ministan esansi, wato man fetur.

Mu nan ba mu san gidan mai ba sai mun shiga birni. Tun ina ƙarami ruwa-ruwa muke sha, man Najeriya da ake jerawa cikin butali a bakin hanya. Da aka janye tallafi a can, ruwa-ruwa ya fi ƙarfin talaka, kowa ya ruga gidajen mai, layi ya miƙe. Na ga inda abin ya dosa, na samu Baba yana gyaran igiyar awaki.

"Baba, mu sayi mai bido guda, cike da jarka, mu aje. Nan gaba ko da kuɗinka ba za ka samu ba."

"Da mi za mu saya?"

Na dubi bunsurun gidan. Baba ya dube ni.

"Kai fa tsiyarka ke nan, ka ji abu a radiyo sai ka hana kowa sakat."

Kwana uku ina binsa har ya yarda. Aka saida bunsuru, na yini a layi a Tasawa, na dawo da bido cike. Sai maganar wurin ajiya. Kun dai san garinmu. In aka ji kana da mai, wannan ya zo matarsa na naƙuda, wancan zai je gaisuwar mutuwa, a ɗiga mashi rabin litar. Wa za ka hana? Kafin sati ya zagayo bidon ya koma fanko.

Ni na kawo shawarar rumbu, ba zan ɗora wa kowa ba. A gidanmu, kamar gidaje da yawa, in an gama kaka ana rufe babban rumbu, ba a sake taɓa shi sai ruwa ya sauka an shiga noma. Da rani kowa ya yi ƴan dabarunsa. Wannan hatsin shi ke riƙe gida har sabo ya nuna, kuma ba mai buɗe shi sai maigida. Na ce ina wurin da ya fi nan tsaro? Baba ya ce in dai ɗaure bakin da kyau. Na sa leda, na naɗe da roba, na kwantar da bidon can cikin damman hatsi, muka maida rufi. Ko Inna ba ta sani ba.

Duk karatun da na yi a kan mai, ban taɓa cin karo da inda aka ce zafin bazara na kumbura bido har murfi ya tsage ba.

Bayan sati uku mai ya ɓace ƙaf. Motoci sun yi cirko-cirko a tasha. Ranar ina tafiya ina jin kaina, na ce yau za a san minista. Muna ɗaga rufin rumbu wari ya buge mu. Na jawo bidon da hannu ɗaya, ya taso sakayau. Ya tsiyaye tun daga tsakiya har ƙasa, dami bayan dami.

Inna ta fito da muciya a hannu.

"Malam, warin mi nike ji?"

Ta leƙa rumbu, ta ga bidon a hannuna.

"Esansi? Cikin hatsi? Ku biyu da hankalinku? Da kun tambaye ni, ai ko daddawa ba a ajewa nan!"

Muka fidda damman duka muka baza a rana. Maƙwabtan da muka ɓoye wa man su suka zo taya mu shanya. Inna ta sussuka wanda ya jiƙa, ta wanke, ta sake wankewa, ta dama fura. Ƙanwata ta kurɓa ta furzar, ta ce kamar ta lashi bututun moto. Aka watsa wa kaji, suka shinshina suka wuce.

Da la'asar na je fada raina a ɓace. Kawuna, wanda ya yi shekaru yana bin manyan motoci, yana nan, da mai ruwa-ruwan garinmu da teburinsa ya bushe.

"Ranka ya daɗe minista," in ji Kawu, "an ce ka buɗe matata a rumbu."

"Kawu, don Allah bari. Ni dai a gaya mani wa ya jefa mu cikin wannan hali."

Kawu ya ce, "Kamfanin mai mana! Su ke haƙowa, su ke tacewa, su ke ɓoyewa in sun hango riba. Na ga abin da idona a hanya."

Mai ruwa-ruwa ya ce, "Haba Kawu, kamfani shi ya ba kansa izini? Wa ya sa mashi hannu a takarda?"

"Wanda aka cika wa aljihu."

"To ka gani! Ɓarawo da mai buɗe mashi ƙofa, wa ya fi?"

"Kai rufe mana baki, kai ma da ka samu sarari ninkawa kake."

Aka yi dariya, ban da ni. Ni ga inda na tsaya, kuma har gobe ina nan. Kamfani ɗan kasuwa ne, ban wanke shi ba, amma bai taɓa zuwa garinmu ya dafa ƙirji ya ce zai share mana hawaye ba. Masu mulki su suka zo, da tutoci da makaɗa, suka ce ƙasarmu ta samu mai, wahala ta ƙare. Su ke yanka farashi, su ke sa hannu. Shekara da shekaru suna kallo muna rayuwa da man maƙwabta, ba wanda ya ce to ranar da maƙwabci ya rufe famfo fa? Ka tsaya bakin kwalta a Tasawa ka ga manyan motocin mai na wucewa daga gabas, man ƙasarka, kai kuma kana tura moto. In da mutum ya tabbata gobe zai samu litar ɗaya a farashin jiya, mi zai kai shi ɓoye esansi cikin abincinsa? Wautar tawa ce, na ɗauka. Tsoron da ya haife ta ba ni na ƙirƙiro shi ba.

Abin da ya tsira daga hatsin bai kai mu ko noma na biyu ba. Rumbu ya ƙare gero bai fidda kai ba. Na yi ta jigila da moto, amma abin da na samu rabi mai ke cinyewa. Wata safiya na ga Baba ya saɓa hauya ya bi wata hanya da ba ta gonarmu ba. Na bi shi da ido har ya shiga gonar wani da bai girmi yayana ba. Barema ya je yi, ƙwadago a gonar wani, da furfurarsa, don a auno mana tiya biyu. Da ya dawo na kasa haɗa ido da shi. Ya wanke ƙafa, ya ce in miƙo mashi buzun salla. Haka ya yi ta yi har sabon hatsi ya shigo.

Ku fa, mi tsadar man nan ta sa kuka aikata da ba ku taɓa zato ba? Kuma a naku ganin wa ya kamata a riƙe, masu kamfani ko masu sa hannu? Ku ba ni naku labari, don na san ba gidanmu kaɗai abin ya shiga ba.