Yatsan Sista Susan

Da sassafe, kafin ta buɗe ɗakin shan magani na Gayam, Sista Susan takan zaga gidajen masu jego. Sai ta yi barka, ta ɗauki jariri ta yi masa wasa, sannan ta durƙusa ta danna babban yatsanta a ƙwaurin mai jego. In wurin ya taso, ta miƙe da fara'arta. In ya loɓa ya tsaya, to ranar wasa ya ƙare. Matan gari har tsokanarta suke yi, wai ita ce baƙuwar da ke gaida ƙafa kafin ta gaida mai ƙafa. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na ce bari in yi maganarta tana ji.

Ni ganau ne. Ƙanwata Muslimat ta dawo gida wankan jegon haihuwarta ta fari, kuma mahaifiyarmu, Inna Huraira, ba ta wasa da jego: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kwano cike, nama da yaji. Bayan suna Muslimat ta ciko, fuska ta yi ɓul-ɓul, awarwaro ya matse mata hannu. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Kai, Inna, jego ya karɓe ta!" Inna kuwa baki har kunne. Tarin da Muslimat ke yi aka ce sanyi ne, a ƙara wa ruwa zafi.

Sista ta zo ta danna, rami ya zauna. Ta dubi jijiyar wuyan Muslimat da ta ɗago, ta ɗora mata abin sauraron ƙirji a baya, ta ce, "Yaya kike barci?"

"A zaune, Sista. In na kwanta numfashi sarƙewa yake."

Sista ta juya wajen Inna. "Inna, wannan fa ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Zuciyarta ta gaji, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ne ruwa ya taru a ƙafa, yanzu ya kai huhu. Kanwa da gishiri kuma riƙe ruwan suke yi."

Ran Inna ya ɓaci. "Da kunun nan na yi jegon 'ya'yana duka, ga su nan da ƙafarsu! So kike in mayar wa mijinta da ita kamar sillen kara, a ce na kasa?"

A nan ne na sara wa Sista. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma raina tsohuwa ba. Zama ta yi a tabarma, ta kamo yatsan Inna ta ɗora a ƙafar 'yarta. "Danna da kanki, Inna. Ƙiba tasowa take yi." Inna ta danna, ta ɗaga. Ta jira wurin ya taso, bai taso ba. Sannan ta ce, "To, me za a yi?"

Sista ta yi wa Muslimat allurar da ke fitar da ruwa ta fitsari, ta ce iyakarta ke nan, sauran na likitan zuciya ne a Kaduna. Kowa ya san halin hanyarmu a shekarun nan; saboda 'yan bindiga, mota ba ta shiga dajin da ke kan hanya sai an taru an bi ayari. Ba aikin Sista ba ne rakiya, amma ta shiga motar, ta tallafe Muslimat a zaune har aka isa. Hoton zuciya ya nuna ciwon da kan kama wasu mata bayan haihuwa. Aka ba ta magungunan sha kullum, aka ce ta rage gishiri, ta kuma huta kafin wani cikin.

Sista, ke ce mai bin Malam Dabo har bakin gona saboda ya ji sauƙi ya ajiye maganin hawan jini, kina faɗa masa cewa jinin da aka bari yana hawa shi ke gajiyar da zuciya. Ke ce a wasu kwanakin aka rufe wa ƙofa, washegari kika dawo da sallama kamar ba a yi ba. Uwar masu jego, ba mu da abin biyanki, kuma ina faɗa ba kunya: ranar da aka sallamo ƙanwata kuka na yi.

Muslimat ta dawo a rame, awarwaro na yawo a hannunta. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Oh, duk ƙibar ta zube?" Inna ta ce, "Ta zube, alhamdulillahi. Ramammiyar ce tawa, ita ke kwana a kwance."

Mun gode, Sista Susan, Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma jama'a, in kun je barka kada idonku ya tsaya a kan jariri kaɗai. Ku dubi uwar, in ƙafa ta kumbura ko numfashi na yi mata wuya a kai ta asibiti. Jiya na ga Inna Huraira a gidan barka da ƙoƙon dawarta. Ko ajiye shi ba ta yi ba, ta ce wa mai jego, "Miƙo ƙafar nan in gani."