Kuskuren da Aka Bari da Gangan

Duk unguwarmu babu wanda ya fahimci abin da na yi, har da Inna da ta fi kowa yaɗa labarin. Ita ce ta gaya wa matan layinmu wai na gyara wa Turawa kwamfutarsu daga nan Haɗeja. Kafin kwana biyu sai ga wayoyi ana aiko min har gida, wata ta faɗa ruwa, wata fuskarta ta tsage, wata mai ita ta manta lambar buɗewa. Ni ban iya gyaran waya ba, ban kuma taɓa kwance kwamfuta ba. Wasu 'yan misalai na gyara a cikin shafukan bayani, kuma a karon farko ɓata su na yi. Wannan ɓangaren ne Inna ba ta faɗa.

Da na gama sakandare sai na zauna a shagon Yayana da ke kusa da kasuwa, inda ake buga takardu da fotokwafi. Ni ce mai buga rubutu: takardar neman aiki, katin gayyata, yarjejeniyar aron gona. Duk abin da aka miƙo min da aibu a jikinsa, ba na tsayawa tambaya, gyarawa nake yi in miƙa wa mutum abinsa tsaf. Hoto ya dusashe in haska shi, layi ya karkace in miƙe shi. Da wannan halin aka san ni, Yaya ma har fahari yake yi da shi.

Kwamfuta uku ce a shagon. Tsakanin azahar da la'asar ƙafa takan ɗauke saboda rana, sai Yaya ya bar min ta bakin taga in yi abin da na ga dama. A nan na koyi wani yaren shirya manhaja daga darussan kyauta. Wata takwas ina yi. Ranar nan sai Yaya ya ja kujera ya zauna kusa da ni.

"Yara sun kusa gama jarrabawa," ya ce. "Zan ɗauki ɗalibai masu koyon kwamfuta. Har da wannan ta bakin tagar zan ba su."

"Ni kuma fa?"

"Ke kuma me? Kullum baƙin allo da rubutu kamar jerin tururuwa. Nuna min abu ɗaya da ya fito daga ciki, wanda wani ya amfana da shi ban da ke."

"Zan nuna maka."

"Sati uku, Hajiya injiniya."

Ba ni da kwamfuta a gida, wayata kuma ko hoto biyu ta buɗe sai ta ɗauki zafi. Idan aka karɓe wannan lokacin, karatun ya tsaya ke nan.

Bari in yi bayani a gajarce, don na gaji da maimaitawa. Akwai manhajar da ake kira kwamfaila. Ita ke karanta kod, wato umarnin da mutum ya rubuta, ta mayar da shi abin da na'ura za ta iya aiwatarwa. Idan kuskuren babba ne sai ta tsaya cak ta ƙi. Idan kuwa abin zai yi aiki amma da alamar sakaci, sai ta yi gargaɗi ta wuce. Masu harkar suna ce wa irin wannan gargaɗin lint. Kowane gargaɗi da shafinsa a intanet: ɗan misali a sama, abin da kwamfaila za ta ce a ƙarƙashinsa, sannan bayani.

Ina karanta shafin gargaɗin da ake yi idan mutum ya rubuta layi bayan ya riga ya ce aiki ya ƙare, wato layin da ba za a taɓa isa gare shi ba. Na kwafi misalin na gwada. Maimakon gargaɗin, sai kwamfaila ta tsaya, wai ba ta san wani suna da ke ciki ba. Na bincika, ashe an daɗe da cire wannan sunan daga yaren, misalin ne aka manta da shi. Na ƙara dubawa, na sami wasu misalan da aka sa musu alamar kada a gwada su, saboda sun daina aiki. Kuma masu aikin 'yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban, kowa yana iya tura musu gyara.

Na ce shi ke nan, na samu. Cikin yini biyu na bi misalai tara. Na canza tsofaffin sunaye. Da na ga har yanzu kwamfaila tana ƙorafi, sai na ci gaba da sharewa har ta yi shiru. Layin nan da ba a isa gare shi, na goge shi. Inda aka ajiye abu ba a yi amfani da shi ba, na yi amfani da shi. Duka taran suka wuce ba ko tari. Na tura, na rubuta da Turancina na sakandare cewa duk waɗannan kuskure ne kuma na gyara. Ko sallama ban yi ba.

Bayan kwana uku amsa ta zo. Wanda ya duba ban san mace ce ko namiji ba, hoton kyanwa ne a jikin sunan. Ya yi godiya, ya ce canjin sunayen daidai ne. Sannan ya ce amma na cire abin da ake son a nuna. Shafin da kansa yake gwada misalin ya buga gargaɗin a ƙasa, yanzu da na wanke su tas babu abin da zai buga. Ya roƙi in mayar da kuskuren da aka sa da gangan.

Yaya yana tsaye a bayana ban sani ba.

"Wannan jan rubutun fa?"

"An ce a sake."

"Wato an ƙi."

"Na ce maka an ce a sake!"

"To, Allah Ya ba da sa'a. Saura sati biyu da kwana biyu."

Na gane abin da mai kyanwar ya faɗa, ban dai yarda ba. A ganina wauta ce. Ta yaya za a ce in mayar da ɓarna da hannuna? Kwana biyu ban buɗe shafin ba, ina ta cika ina batsewa, har wani mai neman fotokwafin katin asibiti ya tambayi Yaya ko lafiya nake.

A rana ta uku wani abokin mahaifinmu ya zo, tsohon malamin gona ne da ya yi aiki shekaru a wajen Kirikasamma, Baba muke ce masa. Ya kawo takarda da ya rubuta da hannu don manoman shinkafa na fadama, da hoton ganye guda ɗaya, yana so a buga a haɗa. Ya tafi masallaci ya bar min. Na sa hoton a na'ura, na ga ganyen duk ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, ga wani farin layi ya ratsa ta gefe. Na zauna na goge su ɗaya bayan ɗaya. Ganye ya fito kore shar, ni kaina sai da ya burge ni.

Baba ya dawo, ya sa tabarau, ya nisanta takardar, ya matso da ita.

"'Yar nan, ina cutar?"

"Wace cuta, Baba?"

"Cutar da na yini cikin ruwa har gwiwa kafin in sami ganyen da ta fito sosai a jikinsa."

"Na ɗauka datti ne."

"Datti! To manomin da zan nuna wa, ganye mai lafiya zai kalla? Ai yana da su cike da gona. Kin warkar min da shinkafa a takarda, saura ta fadama."

Yaya ya kifa kai a kan injin fotokwafi yana dariya har da hawaye. Ni kuwa kunnuwana kamar an zuba musu barkono.

Baba ya ɗauko ainihin hoton ya ɗora yatsa a gefe. "Kin ga wannan farin layin? Shi ne dattin. A aljihuna hoton ya karye. Shi za ki cire. Ɗigon kuwa ki bar min kayana, ko ɗaya kada ya ɓata."

Na sake masa aikin, na ba shi haƙuri, abin da ba kasafai nake yi ba. Yana fita na ja kujera zuwa bakin taga.

Wannan karon takarda na ɗauka da biro kafin in taɓa komai. Kowane misali na raba masa gida biyu: kuskuren da aka sa da gangan, da wanda tsufa ya kawo. Sai na ga abin da gaggawa ta hana ni gani. Biyu daga cikin taran lafiyarsu ƙalau, ni ce na shiga musu ba dalili. Biyar na iya rabewa. Sauran biyun na karanta har kaina ya yi ciwo ban gane abin da gargaɗin yake nufi ba, balle in san wanne zan bari.

Aikin da na yi a yini biyu sai da ya ci min fiye da mako. Damina ta yi nisa, kogi ya cika, Yaya yana tafiya bakin jinga tare da mazan unguwa suna cika buhuna da ƙasa, ni kaɗai a shago. A ɗauke wuta, in tayar da janareta, mai katin biki ya shigo, in tashi. Duk misalin da na gama sai na gwada, in tabbatar gargaɗi ɗaya tak ya fito, kuma shi ne wanda shafin yake magana a kai. Ban taɓa zaton zan yi murna don na'ura ta yi min ƙorafi ba.

Na tura biyar ɗin. Na yi sallama wannan karon. Na rubuta cewa biyu na mayar yadda suke, biyu kuma ban gane su ba. Rubuta wannan jimlar ta ƙarshe ta fi min duk aikin wuya. Mai kyanwar ya nemi in daidaita wani ɗan wuri, na daidaita. Ana saura kwana uku ɗalibai su fara, aka karɓa.

Na kira Yaya, ƙafarsa duk taɓo, na buɗe masa shafin gwaji. Ga misalin, ga gargaɗin a ƙasa.

"Wato duk wahalar nan don na'ura ta yi ƙorafi?"

"A da ba ta iyawa. Yanzu duk wanda ya zo koyo, a ko'ina yake, zai ga abin da ake ce masa ya kiyaya."

Ya karanta godiyar da aka rubuta, a hankali, yana motsa baki. Ya ga sunana a jerin waɗanda suka sa hannu a aikin, da sunan mahaifinmu a jiki.

"Sun rubuta shi daidai," ya ce. Ya miƙe yana karkaɗe wando. "Ɗalibai da safe da bayan la'asar. Tsakani naki ne. Amma ke za ki koya musu buga rubutu da safe, kuma kada ki cinye min yara da faɗa."

"Ban yi alkawari ba."

"Na sani."

Misalai biyun nan da ban gane ba suna nan da alamarsu ta kada a gwada. Na yanke shawara su zan koma wa ranar Litinin. Ba zan taɓa ko layi ɗaya ba tukuna. Akwai wani zaure a intanet da masu aikin suke tattaunawa, wanda na daɗe ina leƙawa ban taɓa cewa uffan ba saboda kunyar Turancina. Can zan shiga in rubuta cewa ga gargaɗi biyu ban fahimta ba, wani ya yi min bayani. In an yi dariya a yi. Idan na gane su, ɗaya zan tura, in jira amsa, sannan in tura ɗayan.