Cikin da na ce kwantacce ne

Ko da zan manta sunan kaina, ba zan manta kakar gyaɗar da matata ta ce in kai ta likita na hana ba.

Bayan samun 'yancin kai da kaɗan ne, muna zaune a wani ƙauye kusa da Urafan. Ɗiya guda Allah ya ba mu, daga ita haihuwa ta tsaya. Ni kuwa ba abin da nake so kamar ɗa namiji da zai riƙe mini hauya.

A daminar shekarar jini ya fara zo mata ba a lokacinsa ba. Kunya ta hana ta faɗa, sai da na lura ta daɗe ba ta shimfiɗa tabarmar salla ba. Na kira tsohuwar ungozomar garinmu. Ta shafa mararta, ta ce, "Kwantacce ne. Ciki ne ya yi barci, in an yi haƙuri zai tashi." Ranar har goro na raba.

Da kaka ta yi, motocin gyaɗa suna ta zirga-zirga zuwa Tasawa. Wata safiya tana ɓarar gyaɗa, ta ce ba tare da ta ɗaga kai ba, "Malam, ka roƙi direban nan ya sa ni bisa buhu in je likita mana. Wannan abu ba ciki ba ne."

Na yi dariya. "Ke kin fi ungozoma sani? Su taɓa shi da ƙarfe su ɓata mini ɗa?"

"Na taɓa ɗaukar ciki, Malam. Ciki ba ya wari."

Na ce ta sha jiƙon da ungozoma ta ba ta ta yi shiru. Ba ta sake roƙona ba.

Da kanta ta kwashe kayanta ta koma 'yar bukkar da ke bayan rumbu, wai kada ta dame ni. Matan da ke zuwa taya ta sussuka suka ɗauke ƙafa. Nakan hango ta zaune ita kaɗai, tana wanke tsummokara tana shanyawa inda ba mai gani. Ni kuma ina zaure ina zaɓen sunan jariri.

Sai da ta kasa tashi na kai ta, bisa motar da ta roƙa tun farko. Daga Tasawa aka tura mu babban asibitin Maraɗi. Lokotoro ya duba ta, ya ja ni gefe, ya ce ba ciki ko kaɗan, sankarar bakin mahaifa ce, kuma ta riga ta ci gaba. Ya tambaye ni, "Tun yaushe take zubar da jini?"

A hanyar komowa ta ce, "Kada ka damu, Malam. Ka so ɗa ne." Ba ta ga wata damina ba, ta rasu.

Ban sani ba ko da na kai ta da wuri da ta rayu, wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani, ta faɗa mini gaskiyar jikinta, na zaɓi maganar da ta yi mini daɗi. Bukkar nan ta daɗe da rushewa, amma har yau ba na iya bi ta bayan rumbu.

Yanzu akwai awon da ke gano ciwon tun bai yi ƙarfi ba, tun ma mace ba ta ji komai ba. Ɗiyata na sa ta je, ta kai 'ya'yanta mata. Ku maza, in matarku ta ga jini ba a lokacinsa ba, ko bayan kwanciya, ko bayan al'ada ta ɗauke, ku tashi ku kai ta ranar. Mai jiki ya fi kowa sanin jikinsa. Tawa sau ɗaya ta roƙa.