Ranar da Inna Ta Shiga Motar Yaya

Garinmu yana tsakanin Tsanyawa da Bici. Gonakinmu manne suke da juna, kana fita daga ta wani sai ka faɗa ta wani, hanyoyin da suka ratsa su kuwa sirara ne, mutum biyu ba sa jerawa. Tun muna yara aka koya mana yadda ake bin su. Idan ka yi karo da wanda ya ɗauko damin gero a ka, ko mai jaki da mangala, kai da ba ka ɗauke da komai kai za ka sauka gefen gona ka tsaya har ya wuce. Ko da furfura a kanka haka za ka yi, ba wanda zai ce an raina ka.

Yayana, wanda shi ne ɗan farin Inna, da wannan tarbiyya ya shiga tuƙi. Yana da tsohuwar a-kori-kura da yake kai wa mutanen gari hatsi da gyaɗa kasuwar Dawanau. In an loda mata buhuna sai ta duƙa ta baya, tana tafiya tana nishi. Bayan kaka nakan bi shi da nawa buhunan, in zauna gaba kusa da shi.

Lokacin da titin Katsina yake guda ɗaya babu wata magana, kowa yana hannunsa. Da aka buɗe tagwayen titi ta wajenmu, kowane ɓangare da layi biyu, sai Yaya ya duba ya zaɓi layin hagu, wanda ke jikin simintin tsakiya. Shi ne ya fi santsi. Babu bas mai tsayawa ɗaukar fasinja, babu akuya, babu mai babur da zai faɗo daga lungu. A ganinsa wannan ce hanyar, na dama kuwa gefen gona ne. Tunda shi ne mai kaya, hanya tasa ce.

Sai dai wannan layin na masu wucewa ne. Motoci su taho da gudu su same mu muna rarrafe, su yi ta danna hon, su kunna mana fitila da rana tsaka, daga ƙarshe su zagaya ta dama suna ɗaga mana yatsu biyar.

Sau ɗaya na gwada magana, a kaikaice.

"Yaya, kamar na ga masu lodi sun fi bin wancan hannun."

"Su suka sani," ya ce. "Dubi bayana ka ga abin da na ɗauko. Su me suka ɗauko? Waya da kwalbar ruwa. Wanda ba shi da kaya ya kewaya."

Tun rasuwar Baba, Yaya ne uba a gidanmu. Shi ya tsaya min a aurena, shi ya raba mana gona ba tare da an ji kanmu ba. Ba na iya buɗe baki in ce masa bai san hanya ba, a cikin motarsa, kan sana'arsa.

Wata ranar kasuwa, mun wuce Bici kaɗan, rana ta ɗaga, wata bas cike da mutane ta fito daga kwana ta same mu a gabanta. A layin dama akwai wani mai babur da matarsa a baya, babu inda direban zai kauce. Ƙarar birkinsa har yau tana kunnena. Ta madubi na ga bas ɗin ta cika shi gaba ɗaya, na fara salati. Ba ta taɓa mu ba, ba ta taɓa mai babur ba. Da ya samu sarari ya jero da mu, direban, wani matashi, bai zage mu ba. Ya dubi Yaya kawai ya ce, "Baba, don Allah," ya wuce. Ban san shi ba, ban san garinsu ba, amma har yanzu ina saka shi a addu'a.

Yaya ya ce, "Ka ga masu gaggawa ko?"

Ranar ban iya cin tuwo ba. Na san in aka ci gaba a haka, wata rana za a samu direban da birkinsa ba zai kama ba, kuma Yaya kullum yana kan titin nan, ko da ni ko babu ni.

Mutum ɗaya ne ya rage a sama da Yaya, Inna. Ita kuwa ba ta yi masa magana. Ba faɗa suka yi ba, kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take ce masa, ko "mai motar nan". In ya shigo gaishe ta sai ta amsa tana kallon tabarma. In tana da saƙo gare shi, ni take gaya wa, ko da yana tsugune a gabanta. Ban so in kai mata ƙararsa ba, domin da ya ji zai san daga bakina ta fito. Sai na jira.

Da ƙanwarmu da ke aure a Kano ta haihu, Inna ta fara haɗa kayan barka: gero, daddawa, kuka, man shanu a kwalba. Ta saba hawa bas daga Tsanyawa. Na ce mata kayan sun yi yawa, ga motar gida za ta shiga Dawanau, in an sauke lodi sai a ƙarasa da ita.

"In zauna kusa da wancan?" ta ce.

"Ni zan shiga tsakani, Inna. Ke kina wajen taga."

Ta yi ta gunaguni, amma ta yarda.

Muka tashi da hantsi. Yaya ya goge kujera da hularsa kafin ta hau. Ni ina tsakiya, giya tana bugun gwiwata. Muna hawa babban titi ya nufi layinsa na hagu ya zauna. Ba a jima ba hon ya fara. Inna ta waiga, buhuna sun tare mata gani. Wata ƙaramar mota ta zagaya ta wajenta, na ciki ya leƙo yana faɗa.

"Kai," ta ce da ni, "mutanen nan me muka yi musu?"

"Wucewa suke so, Inna."

"To me ya hana su?"

Na dubi gwiwata. Yaya ya gyara murya, idonsa na kan titi, ya ce, "A gaya mata mu ne masu kaya. Su ya kamata su kauce."

"Inna, ya ce mu ne masu kaya."

"Na ji. Tambayar min mai motar nan, a wace gona aka koya masa haka?"

"Yaya, Inna ta ce a wace gona."

"A tamu," ya ce.

"Ba dai tamu ba," Inna ta ce. Ta gyara mayafinta, ta juyo ta dube ni sosai, kamar ni ne mai laifin. "Rabi kuka riƙe kuka bar rabi. Wanda ya taho ta gabanka hannu sake, shi ke sauka ya ba ka hanya, wannan haka ne. Amma wanda ya biyo ka ta baya da sauri ya yi maka sallama, kai ke raɓewa, ko dami nawa ne a kanka. Ka san abin da ya koro shi? Waɗannan tun ɗazu sallama suke yi, ba a amsa ba."

Wani hon ya sake tashi a bayanmu, mai tsawo.

"Kai ba za ka tuna ba," ta ci gaba, har yanzu da ni take. "Kana ƙarami maciji ya sare ka a gonar fadama, lokacin ɗaukar gero. Babanku ya saɓo ka a kafaɗa ya taho da gudu. Hanya cike take da masu dami, tun daga fadama har bakin gari. Yana sallama suna raɓewa, yana sallama suna raɓewa, ba wanda ya tsaya yi masa bayanin nauyin kayansa. Wancan ma yana cikinsu, lokacin gemu bai fito masa ba. Shi bai tsaya raɓewa ba, daminsa ya yar a gonar mutane, ya shiga gaba yana buɗe wa babanku hanya."

Ina da tabon a ƙafata, na san labarin macijin, amma ban taɓa jin wannan ɓangaren ba. Ban kuma taɓa jin Inna ta faɗi wani abin kirki game da Yaya a inda zai ji ba. Na saci kallonsa. Hannayensa biyu na kan sitiyari, bai ɗauke ido daga titi ba.

"Ce masa ya ba mutane hanya," Inna ta ce.

Maganar da na daɗe ina riƙewa a ciki, sai ga shi an ba ni ita in isar.

"Yaya, Inna ta ce ka koma dama."

"Na ji, ba kurma ba ne ni." Ya kunna sigina. "Leƙa min wancan madubin, akwai babur?"

Kafin in miƙa wuya Inna ta riga ta leƙa ta taga. "Ce masa ba kowa."

A hankali motar ta sauka layin dama. Jerin motocin da muka tare suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, ashe suna da yawa haka. Wani ya ɗan taɓa hon gajere, ya ɗago mana hannu.

"Ka gani," Inna ta ce, "har da godiya."

Ba mu yi nisa ba wata bas ta tsaya a gabanmu sauke fasinja, dole Yaya ya taka birki. Ya ce, "A gaya mata ga abin da nake gudu." Inna ta ce a gaya masa masu dami ma sukan tsaya su huta. Daga nan har Dawanau ba wanda ya sake aike na.

Bayan suna Inna ba ta dawo a motar Yaya ba. Ta ce jakin Baba ya fi ta sauri, ta hau bas ɗinta. Amma Yaya bai koma hagu ba. Yana mita kan ramuka da akuyoyi da masu babur, yana nan dai a dama. In ya tarar da wanda ya fi shi jinkiri, amalanken shanu ko keke mai lodi, sai ya duba madubi, ya fita ya wuce, ya dawo. Wani lokaci in hira ta yi daɗi motar takan zame ta koma tsohon wurinta. Ba na cewa komai game da titi. Sai in ce, "Yaya, kamar ana sallama." Ya yi tsaki, ya kunna sigina.

Yau in na ji ƙarar a-kori-kurar nan ta shigo gari da yamma, tana kwaramniya babu lodi, nakan gode wa Allah, sannan in gode wa Inna a zuciyata, don ita ba ta son a yi mata a fili.

Da malaminmu na ajin yaƙi da jahilci ya ce kowa ya rubuta wani abu da ya faru da shi, wannan na zaɓa. Na karanta wa Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara min cewa gonar ba fadama ba ce sosai, gefen fadama ce. Sannan ta ce in cire wurin da wancan ya yar da dami, kada mutane su ce tana yabon ɗanta. Na ce to, Inna. Ban cire ba tukuna.