Taswirar da Na Ƙi Karɓa

Ban taɓa mantawa da safiyar Litinin ɗin da Anti Fati ta kira ni ba. Watan Oktoba ne na 2014, ina tsaye a tashar jirgin ƙasa ta unguwarmu a Soundview, nan Amurka, zan tafi aiki wata unguwa da ake kira Jamaica. Ta ce, "Rabi, kada ki hau jirgin. Tsohonki ya rasu jiya a asibiti. An rufe fayil ɗinsa." Jirgi ya zo, ya buɗe ƙofa, ya rufe, ya wuce, ina nan tsaye.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ne masu kula da tsofaffi a gidajensu. Kamfani ke tura mu. Anti Fati, 'yar Zangon Kumasi, ita ke raba mana gidaje. Kowane gida da takardar aikinsa: wanka, girki, shara, tunatar da shan magani. In kin isa ki kira ofis da wayar gidan, in za ki tashi ki sake kira. Dokoki biyu ne ake nanata mana tun ranar farko: ba a ɗaukar hoto a gidan wanda ake kula da shi, kuma ba a karɓar kyauta, ko cokali ne. Na ga wadda aka kora saboda zobe. Tsohuwar ce ta ba ta da hannunta, da ta rasu dangi suka ce sata ce.

Wata goma sha huɗu na yi da tsohon nan, Baba Walta. Ya haura tamanin, tsohon ma'aikacin ɗaukar kaya ne a filin jirgin sama, ba mata ba ɗa, sai wata 'yar ɗan'uwansa a Oklahoma da ba ta cika kira ba. A lokacin ina shirin jarrabawar zama 'yar ƙasa, wadda ake haddace tambayoyi ɗari a yi wa mutum goma. Ni karatuna bai yi nisa ba, a Damagaram na tsaya tun firamare, don haka hadda kawai nake yi ina wanke-wanke.

Wata rana ya ji ni ina maimaitawa: wace ƙasa Amurka ta saya a hannun Faransa a 1803? Louisiana.

Ya ce, "Rabi, zo nan. Ƙasar wa Faransa ta sayar?"

Na ce, "Baba, ba ya cikin tambayoyin."

"Na sani. Shi ya sa nake tambayarki."

Na yi dariya na ce, "In dai Faransa ce na san ta. Mu ma ba ta tambaye mu ba."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. Daga ranar, kullum bayan abincin rana sai ya yi mini darasi. Ya ce shugaban Amurka na farko ya yi wa mutanensa wasiyya kada su ƙulla kansu da rigimar Turai. Na ce wannan hankali ne, sabon ɗan kasuwa ba ya shiga faɗan tsofaffin rumfuna. Ya ce haka ne, amma da suka juya wa teku baya, sai suka fuskanci yamma, kuma yamma akwai mutane. Suka sayi Louisiana, ƙasar ta kusan ninkawa. Bayan shekara ashirin suka ce wa Turai ta cire hannu daga wannan ɓangaren duniya. "Magana ce mai daɗi," in ji shi, "sai dai ba wanda ya ce musu su cire nasu."

A nan na san cewa mahaifiyarsa Cherokee ce, cikin mutanen asali na ƙasar. An tashi kakanninsa daga gabas, aka kora su da ƙafa zuwa cikin ƙasar nan da aka saya. Ya sa na ɗauko masa wani gwangwanin biskit a saman kabad. Taswirar hanya ce a ciki, irin ta gidan mai, ta yi laushi kamar tsumma. Mahaifiyarsa ta yi alama bakwai da fensir, kowace da suna a gefe, yadda kakarta ta faɗa mata. Mutanen gidansu ne da aka binne a hanya. Yana ɗora yatsa yana kiran sunayen ɗaya ɗaya, ni kuma ina kallon agogo, don lokacin kiran ofis ya yi.

Ran Juma'ar ƙarshe ya miƙo mini gwangwanin. Ya ce, "Tafi da shi. Yarinyar can ba ta damu ba. Ke kina da 'ya'ya, kuma ku kuna kiran sunan matattu."

Na ce, "Baba, doka ta hana."

"Takarda ce fa, Rabi. Ko a bola ba mai ɗauka."

"Ka bari in gama jarrabawa. Sati uku ya rage. In aka ce na ɗauki abu a gidanka, komai nawa ya lalace."

"To kwafe sunayen."

Saura minti biyar in tashi, kuma 'yata tana jira a makaranta. Na ce ran Litinin zan zo da littafi. Bai ja maganar ba. Ya ce, "Mayar da shi sama, kada ya faɗi." Na mayar, na kira ofis, na fita.

Washegarin ranar da aka gaya mini rasuwar, aka ba ni sabon gidan aiki a yankin Bronx. Haka aikin yake, ba a ba mu ranar makoki. Na ce a raina gwangwani yana saman kabad, ba inda zai je. Na yi jarrabawa a Nuwamba. Jami'ar ta ce in faɗi sunan ƙabila ɗaya ta mutanen asali. Na ce Cherokee, ta ɗago ta dube ni. Na ci.

Daga can na wuce Jamaica. Mai kula da ginin da Baba Walta ya zauna ya gane ni. Ya ce 'yar ɗan'uwan ta ba da izini ta waya, masu kwashe kaya sun zo satin da ya wuce. Ya buɗe mini ɗakin. An yi sabon fenti. Na kai hannu saman kabad duk da haka, ba komai.

Da na ba Anti Fati labari a ofis, ta ajiye biro ta ce, "Haba ƙanwata! Me ya hana ki kira ni? Akwai fom na wannan. Shi ya sa hannu, ni in sa, nas ta shaida, shi ke nan. Abin da bai kai minti goma ba."

Na ce, "Anti, ba a taɓa gaya mana ba."

Ta ce, "Ke ma ba ki tambaya ba."

Gaskiya ta faɗa. Ban ga laifin dokar ba, ta kare da yawa cikinmu, kuma har yau ina gaya wa sababbi su riƙe ta. Amma tsoro ya sa na haddace ta yadda na haddace tambayoyi ɗarin nan, ban nemi sanin abin da ke bayanta ba. Ku da kuke shiga aikin nan, in tsoho ya miƙo muku abu, kada ku karɓa, amma kada ku ce Litinin. Ku ɗauki waya ku kira ofis a gabansa. Wani abin ba kyauta ba ne, amana ce, kuma sau da yawa mu ne na ƙarshe da suke da shi.

Na samo adireshin 'yar ɗan'uwan a wajen mai kula da ginin, na aika mata wasiƙa biyu, ba amsa. Sunaye bakwai ya kira mini. Uku na riƙe, na rubuta su yadda kunnena ya ji, ban ma san ko daidai ne ba. Sauran huɗun ban same su ba.