Wayar Baba a gindin randa

Jiya ina tsakiyar bitar jarrabawar kimiyya, wayar Baba ta yi zafi ta ɗauke, ga darasin duk a cikinta yake. Saura kaɗan in yi kuka.

Kakata Hajiya ta karɓa ta ɗora ta kan yashin nan mai sanyi na gindin randa.

A hankali na ce, "Hajiya, malaminmu ya ce akwai wani ruwa mai garin ƙarfe, maganaɗisu ke jan sa ya kwashe zafin na'ura."

Ta ce, "To 'yar boko, ya iso nan Maska?"

"A'a."

"To matsa, kin tare wa randata iska."

Can sai wayar ta kunnu. A tsugune gefen randar na ƙarasa bitar, Hajiya tana ta murmushi.

Ku a gidanku ina kuke kai waya ta huce?